Ku Tambaya Mu Amsa: Murya biyu a gidajen zuhudun Faransa, kuskure ne ko da gangan?

Jama'a barkanmu da war haka. Tun bayan 'yar maganar da na yi a fitowar baya kan tsofaffin littattafan waƙa na Turai, saƙonni suka yi ta shigowa, uku daga ciki kusan abu ɗaya suke tambaya, to sai na haɗa su wuri guda. Ta farkon ita za ta ci mana fili don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ya iyali? Ni 'yar kwaya ce a cocinmu nan Jos, alto nake yi shekara tara ke nan. Kwanaki mai koyar da mu ya fara nuna wa wasunmu yadda ake haɗa murya a takarda, ya ce babbar doka ita ce kada murya biyu su yi do da so, su tafi re da la, su tafi mi da ti a jere, wai wannan kuskuren ɗan koyo ne kuma ko a jarrabawa jan biro ake sa masa. To sai ga shi na ci karo da wata waƙa a YouTube, an rubuta wai daga wani tsohon littafin sistocin Faransa aka ɗauko ta, mata zalla, murya biyu kawai, ba piyano ba ganga, kuma gaskiya abin da aka hana mu ɗin nan shi nake ji nan da can a ciki. Abin mamaki waƙar ta shige ni har na kwana ina maimaita ta. Malam wai mutanen nan ba su iya ba ne, ko lokacin ba a waye ba tukuna? Daga wata ƙanwarka a Jos.

AMSA: Ƙanwata sannu da ƙoƙari, kunnenki bai yaudare ki ba. Abin da kika ji yana wurin, kuma matan nan sun iya, da gangan suke yi. Malaminku shi ma bai faɗi ƙarya ba, dokar da ya ba ku doka ce ta gaske, sai dai dokar wani gida ce, gidan masu zama su tsara waƙa da alƙalami, su kuwa sistocin nan a wani gidan suke. Ki ɗan yi haƙuri da ni zancen na da tsawo.

Fara da duba yadda ranarsu take. Ɗan zuhudu ko sista mai bin dokar Benedict, wadda aka rubuta a Italiya tun ƙarni na 6, sau takwas yake shiga coci a kwana ɗaya, bakwai da rana ɗaya cikin dare, kuma dokar ta ce a sauke Zabura 150 ɗin nan kaf a kowane mako, da rerawa. Ta daren wajen ƙarfe biyu ake tashi, cikin sanyin da hunturunku na Jos ma bai kama ƙafarsa ba, cocin dutse, ba wuta sai 'yan kyandir. Duk wannan da murya ɗaya ake yi, mutum talatin ko hamsin su bi layi guda kamar bakinsu ɗaya, shi ne abin da ake ce wa waƙar Gregori. Yau haka gobe haka, shekara da shekaru. To in babbar rana ta zo, Kirsimeti ko Ista ko ranar waliyyin gidan, sai a ƙara kyandir, a fito da tufafin coci masu ado, a buga ƙararrawa duka, ita ma waƙa a yi mata tata kwalliyar. Kwalliyar ita ce murya ta biyu. Kuma ba ko'ina ake sa ta ba, wurare ne 'yan kaɗan da aka sani: Benedicamus Domino, wato mu yabi Ubangiji, da ake rufe addu'a da shi, karatun daren Kirsimeti daga Ishaya irin su sura ta 40 inda aka ce ku ta'azantar da jama'ata, sai Kyrie, wato ya Ubangiji ka yi jinƙai, sai wasu waƙoƙin yabon Maryamu. Wanda ya shekara yana jin murya ɗaya, ranar da ta rabu biyu a kunnensa ba ƙaramin abu ba ne, ni a ganina nan ne sirrin abin yake.

Dabarar kuwa tsohuwa ce sosai. Akwai wani littafin koyar da waƙa, Musica enchiriadis, da aka rubuta ƙarshen ƙarni na 9 a yankin da yau ya zama arewacin Faransa da yammacin Jamus, a ciki an nuna yadda mutum ɗaya zai riƙe waƙar asali ɗayan ya bi shi a tazarar biyar (do zuwa so) ko huɗu (do zuwa fa) ko takwas (do zuwa do na sama), gaɓa da gaɓa, suna kiran abin organum. Kuma yadda littafin ke magana za ki gane ba sabon abu yake ƙirƙirowa ba, abin da mutane suka riga suka saba ne yake sa wa ƙa'ida. Me ya sa waɗannan tazarori uku? In akwai mai gurmi kusa da ke, ko gitar cocinku ma ta isa, gwada wannan. Kaɗa tsirkiya a sake, wannan do ne. Danne ta daidai tsakiya ki kaɗa, do na sama zai fito, biyu bisa ɗaya ke nan. Danne a kashi ɗaya cikin uku ki bar kashi biyu su yi ƙara, so ne, uku bisa biyu. Kashi ɗaya cikin huɗu kuma fa, huɗu bisa uku. Wannan lissafi daga Boethius, wani masanin Roma na dā, suka gaje shi, shi kuma daga Girkawa, kuma a wurinsu tsari ne da Allah ya sa a cikin halitta, shi ya sa suke kiran waɗannan haɗe-haɗe cikakku. Do da mi da mu yau muke jin daɗinsa, su a wajensu bai cika ba, ana ratsawa ta kansa amma ba a sauka a kai. Ki ƙara da cewa cocin dutse yana riƙe sauti, do da so in suka haɗu a irin wannan ɗaki sai su narke cikin juna har ki rasa mutum nawa ne ke waƙar.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma littattafan tarihi ɗaya kawai suke bi. A Paris an fara gina babban cocin Notre-Dame a 1163, a can aka samu masu tsara waƙa Léonin da Pérotin, kuma wajen 1198 har an kai ga murya huɗu, inda ta ƙasa za ta riƙe gaɓa ɗaya ta kalma fiye da minti guda na sama suna ta kai da kawowa a kanta. Sannan aka ƙirƙiro hanyar rubuta tsawon kowane sauti, wannan gajere wannan dogo, a ƙarni na 14 aka shiga abin da suka kira Ars nova, sabuwar fasaha, zamanin su Philippe de Vitry da Guillaume de Machaut wanda ya rasu a 1377, shi ne mai shahararriyar waƙar Mas (babbar addu'ar cocin Katolika) ɗin nan mai murya huɗu a Reims. A cikin wannan layi ne, daga ƙarni na 14 zuwa na 15, masu rubuta ƙa'ida suka fara hana jera tazarar biyar, dalilinsu shi ne kowace murya ta zama mai cin gashin kanta, in biyu suka jera a biyar sai su koma kamar ɗaya. Dokar malaminku daga nan ta taso. Amma irin wannan waƙa sai ƙwararru, mutum uku ko huɗu da aka horar, sauran jama'a su yi shiru su saurara.

Ba kowa ne abin ya yi wa daɗi ba. 'Yan zuhudun Cîteaux, da aka kafa gidansu a 1098, tun zamanin Bernard na Clairvaux suka zauna suka rage wa waƙar Gregori kanta ado, suka ce kada waƙa ta wuce matakai goma daga ƙasa zuwa sama, suna kafa hujja da molo mai tsirkiya goma da aka ambata a Zabura. Wani ɗan'uwansu a Ingila, Aelred na Rievaulx, wajen 1142 ya rubuta kukansa a kan mawaƙan da ke karya murya, ya ce wani sa'in kamar haniniyar doki, wani ya buɗe baki ya tsaya kamar numfashinsa ya ɗauke, ga murguɗa jiki ga juya ido, mutane su zo coci kallo maimakon addu'a. Sai babbar magana ta zo daga Paparoma Yohanna na 22, lokacin fadar Paparoma tana Avignon a kudancin Faransa. Tsakanin 1324 da 1325 ya fitar da wata doka mai suna Docta sanctorum patrum, ya ce 'yan sabuwar makaranta suna daddatsa waƙa, suna cusa ƙananan sautuka masu gudu, har da ɗora waƙoƙin yaren gari a kan ta coci, suna bugar da kunne ba sa warkar da shi. Wanda ya ƙi bari a dakatar da shi daga aiki kwana takwas. Amma ki ji inda ya bar ƙofa a buɗe, nan ne amsar tambayarki: ya ce ba ya hana a ranakun idi a ɗora wa waƙar coci tazarar takwas da biyar da huɗu, muddin waƙar asali ta tsaya yadda take ba a taɓa ta ba, don irin wannan yana faranta kunne yana kuma tada ibada, ba ya barin zuciyar masu rerawa ta yi sanyi. Kin ga ke nan abin da malaminku ya hana shi Paparoma ya halatta da sunansa. Dokar ba ta tsayar da manyan birane ba, Avignon ɗin ma bayan 'yan shekaru ta zama matattarar sabon salo, amma ta nuna mana cewa mutanen lokacin sun san salo biyu ne, kuma akwai masu zaɓar mai sauƙin ido buɗe.

Yanzu bari in kai ki kusa ki ga yadda ake yi, don akwai wanda ya bar mana hoton abin da kalmomi. Wani malamin coci ne daga Saint-Astier a yankin Périgord, Élie Salomon, ya rubuta littafi a 1274 ya sadaukar wa Paparoma Gregori na 10. Ya kwatanta mutum huɗu tsaye gaban littafi ɗaya, kuma a littafin layi ɗaya ne kawai a rubuce, waƙar asali. Na farko ya ɗauke ta a ƙasa, na biyu ya hau biyar, na uku ya hau takwas, na huɗu ya ƙara biyar a kan takwas ɗin. Akwai jagora a cikinsu, shi zai ba kowa sautin farawa, ba mai shiga sai ya ji na ƙasa da shi ya zauna daram, kuma da hannunsa a kan littafin yake nuna inda za a tsaya a ja numfashi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne inda ya ce in wani ya kauce, jagora ya kai baki kunnensa ya gaya masa a hankali, muryarka ta yi ƙasa, ko ta yi yawa, ko kana ƙawata abin fiye da kima, ta yadda sauran ba za su gane ba. Ke da kike kwaya shekara tara na san kin san darajar wannan, a gyara maka ba a kunyata ka ba. To lura da kyau, murya huɗu ce ke tashi amma takarda ɗaya ta nuna. Da ba don mutumin nan ya rubuta bayani ba, wanda ya buɗe littafin yau sai ya rantse murya ɗaya suke yi. Faransawa har suna da suna ga wannan, waƙa a kan littafi, kuma sun ci gaba da yin ta a cocinsu har ƙarni na 18. Shi ya sa 'yan waƙoƙin da muka samu a rubuce da murya biyu kaɗan ne ƙwarai daga abin da ake yi, galibi an rubuta su ne don kada a manta, ko don sabbin shiga, ko don wata baƙuwa ta zo da shi daga wani gida ya yi daɗi.

Daga yadda kika kwatanta, waƙar da kika ji irin ta littafin Fontevraud ce. Fontevraud babban gidan zuhudu ne kusa da kogin Loire, Robert na Arbrissel ya kafa shi a 1101, maza da mata kowa da ɓangarensa amma mace ce shugabar duka, a can aka binne Sarki Henry na 2 na Ingila da matarsa Eleanor da ɗansu Richard. Daga 1304 zuwa 1342 shugabar gidan ita ce Aliénor ta Bretagne, jikar Sarki Henry na 3, kuma akwai wani littafin waƙoƙin Mas mai ɗauke da sunanta, yanzu yana laburaren birnin Limoges. Littafi ne na alfarma, da zane-zane da ruwan zinariya, kusan dukkansa murya ɗaya, sai can a ciki ki tarar da 'yan waƙoƙi masu murya biyu da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, har da Credo, wato shaidar bangaskiya. Ki tsaya a kan Credo ɗin nan. Magana ce doguwa, kalma bayan kalma, kuma duk amfaninta a ji abin da ake faɗa. In aka yi mata irin na Paris, gaɓa ɗaya minti guda, ai sai gari ya waye ba a kai amin ba. Amma gaɓa da gaɓa, wannan ta ce cre waccan ta ce cre, wannan ta ce do waccan ta ce do, ba kalmar da za ta ɓace. Gidan Fontevraud kuwa na 'ya'yan sarakuna ne, ba kuɗi suka rasa ba ba ilimi suka rasa ba, shi ya sa ban yarda da masu cewa talauci ko ƙauyanci ne kawai ya sa aka tsaya a mai sauƙi ba. Eh, annobar 1348 da yaƙin Ingila da Faransa daga 1337 zuwa 1453 sun rage mutane a gidaje da yawa, kuma waƙar da mutum biyu za su iya ɗauka ta fi dacewa da gidan da ya rage mutum goma, amma salon ya girmi waɗannan masifu kuma ya rayu bayansu.

Wani abu kuma, muryoyin biyu ba kullum jerawa suke yi ba. Sau da yawa ɗaya na hawa ɗaya na sauka, su haɗu a sauti ɗaya su wuce juna, wadda ke sama ta koma ƙasa, kamar mata biyu da suka yi kiciɓis a siririyar hanya kowa ta ratsa ta gefen 'yar'uwarta. Akwai ma inda suke musanya, abin da ta farko ta rera a layin farko shi ta biyu za ta rera a layi na biyu, ita kuma ta karɓi nata. Wannan ya dace da gidan da duk muryoyin kusan tsayinsu ɗaya, mata zalla ko maza zalla, ba soprano ba bes. Rubutun ma irin na kullum ne, layuka huɗu ja da baƙaƙen ɗigo masu kusurwa huɗu, ba alamar tsawo ko gajarta, kalmomin Latin ɗin ne ke jan tafiyar, don haka duk sistar da ta iya karanta waƙar yau da kullum ta iya karanta wannan.

Sunan da masana suka fi kiran abin da shi yau, cantus planus binatim, wato waƙar coci bibbiyu, daga bakin wani malamin Padua ne a Italiya, Prosdocimus, farkon ƙarni na 15. An fi samun irinsa a rubuce a arewacin Italiya, musamman garin Cividale, da ƙasashen Jamusawa, na Faransa a warwatse yake. An daɗe ana kiransa waƙar da aka bari a baya, har taron da masana suka yi a Cividale a 1980 kalmar "na farko-farko" suka sa a sunan taron. Ni wannan suna yana ci mini rai. Abin da mutane suka riƙe shekara ɗari shida da wani abu suna ibada da shi, alhali sabon salo na nan a gabansu suna ji, ba a ce masa rashin wayewa. A cocin Le Puy da ke tsakiyar Faransa, har ƙarni na 16 suna sake kwafe littafin addu'ar ranar 1 ga Janairu da tsofaffin waƙoƙinsa da haɗin muryarsa mai sauƙi, lokacin duniya ta riga ta ji su Josquin, gwanin tsara waƙa mai muryoyi da yawa. Saboda haka ƙanwata a jarrabawa ki bi dokar malaminku, ta salon da yake koya muku ce kuma tana da amfaninta. Amma wata rana bayan an tashi, coci ya yi shiru, ki samu 'yar'uwa ɗaya ku ɗauki waƙar da kuka haddace, ke ki fara a do ita a so, ku tafi a hankali, ku saurari bango.

TAMBAYA: Malam Allah ya ƙara basira. Ni fa ban ga abin mamaki ba, ai mu ma muna da wannan tun kaka da kakanni, mawaƙi ya ba da waƙa 'yan amshi su karɓa, ba murya biyu ke nan ba? Daga wani mai bibiyarka a Kano.

AMSA: Amin ɗan'uwa, na gode. Akwai bambanci. Amshi karɓa-karɓa ne, jagora ya faɗa ya ajiye 'yan amshi su ɗauka, ko da wani lokaci suna ɗan hawa kan juna a bakin gaɓa. Wannan da muke magana kuwa lokaci ɗaya ake yi, kalma ɗaya, numfashi ɗaya, sautin ne kawai daban. Su ma 'yan zuhudun suna da amshi nasu, kuma shi ne ma abincinsu na kullum: kujerunsu layi biyu ne suna fuskantar juna, ɓangaren dama ya ɗauki aya ɗaya ta Zabura na hagu ya ɗauki ta gaba, har a sauke. Benedicamus Domino ɗin da na ambata ma amshi gare shi, mutum biyu su rera shi jama'a su amsa Deo gratias, godiya ga Allah. To a nan abubuwan biyu suke haɗuwa, masu bayarwar su raba murya biyu, masu amsawa su amsa da ɗaya. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne in magidanci da yaro suka ɗauki waƙa ɗaya tare, yaron ba zai iya sauka inda babban yake ba sai ya bi ta sama, tazarar takwas ke nan ba wanda ya koya musu. Littafin ƙarni na 9 ɗin nan ma ya ambaci muryar yara a kan ta manya.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Ni ina jin Faransanci, a makaranta mun karanta juyin juya halin Faransa, an ce an rufe gidajen zuhudu an rushe wasu. To ina littattafan nan suka shiga, kuma mutum kamar ni zai iya ganinsu? Daga wani ɗalibi a Damagaram.

AMSA: Ina amsawa ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abin da aka koya muku haka yake. A Nuwamba 1789 gwamnati ta karɓe dukiyar coci, a Fabrairu 1790 aka soke alkawarin zuhudu, gidaje suka watse. Littattafansu aka tara a rumbunan gwamnati, daga baya aka miƙa wa garuruwa, shi ya sa yau za ka tarar da littafin sistoci ko na 'yan zuhudu a laburaren ƙaramin gari da ba ka taɓa jin sunansa ba. Fontevraud kanta Napoleon ya mai da ita kurkuku a 1804, ta zauna a haka har 1963. Gidan Saint-Martial na Limoges, wanda littattafansa na ƙarni na 12 suke cikin mafi tsufan haɗin murya a Faransa, an rushe shi ƙasa, sai a 1960 aka tono ɗakin ƙarƙashinsa a tsakiyar gari. Littattafan sun tsira ne don tun 1730 masu gidan sun sayar da su ga laburaren sarki a Paris, abin da a lokacin za a iya gani kamar asara shi ya cece su.

Wasu kuma tun kafin juyin suka lalace. Da aka fara buga littafi da inji, tsofaffin na hannu suka zama kayan yanka, fata ce mai ƙwari ta tunkiya ko maraƙi ko akuya, sai masu ɗinkin littafi su yayyanka su yi bango da ita ko su naɗe takardun haraji. Har yau ana ɓare bangon wani littafin lissafi a tarar da rabin waƙa a ciki. Tawadarsu ma za ta ba ka sha'awa, ana haɗa ta da wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen oak, da gishirin ƙarfe, da ƙaro, ƙaron nan dai da malamanmu ke sa wa tawadar allo don ta kama.

Ganinsu kuwa ba sai ka je Faransa ba. Babban laburaren ƙasar yana da shafin intanet mai suna Gallica, kyauta ne, akwai kuma DIAMM na Ingila wanda ya keɓanta da hotunan littattafan haɗin murya na wancan zamani. Data kawai zai ci maka, hotunan suna da nauyi, ka nemi inda akwai netwok mai kyau. In ka buɗe littafi kada ka gaji da shafukan farko, za ka yi ta ganin jerin layuka huɗu da rubutu a ƙarƙashin kowanne, wannan murya ɗaya ce. Abin da kake nema shi ne inda jeri biyu suka hau kan juna rubutu ɗaya ne kawai a ƙarƙashinsu, ko inda aka sa ɗigo ja da baƙi a jeri guda, ja na mutum ɗaya baƙi na ɗayan. Wani lokacin ma a jere aka rubuta su, murya ta farko ta ƙare ta biyu ta biyo da kalmomi iri ɗaya, sai ka ɗauka mai kwafi ne ya maimaita bisa kuskure. Ka fi mai da hankali wajen Kirsimeti da kuma ganyen ƙarshe na littafin, inda aka bar fili, a nan ne sau da yawa za ka ga hannu ya canza, tawada ta canza launi, layukan ma ba su miƙe sosai ba, wani ne ya zo bayan shekaru ya ƙara Benedicamus ɗinsa. In ka samu ɗaya ka turo mini lambar shafin mu duba tare a wannan fili.